Babi na Shida: Taya Ita ce Giya ta Ƙarshe

A babin da ya gabata mun yi magana a kan lodi da iyakar abin da ya kamata a ɗora wa akori-kura. Yanzu kuwa, da yardar Allah, za mu sunkuya mu duba ƙafafun da ke ɗauke da wannan lodi, domin akwai wata al'ada da ta yaɗu a tsakanin masu irin waɗannan motoci, tun daga fataken hatsi da ke bin kasuwannin ƙauye har zuwa samarin birni waɗanda ba su taɓa aza wa motarsu buhu ko ɗaya ba, wato a cire tayoyin da mota ta zo da su daga kamfani, a sa mata waɗanda suka fi su tsayi da faɗi, a bar sauran kayan cikinta yadda suke. Wanda ya yi haka yakan ce shi taya kurum ya sauya, giya kuwa ko taɓa ta bai yi ba. Maganarsa gaskiya ce a zahiri, amma a baɗini tana da gyara, kuma wannan gyara shi ne maƙasudin babin nan.

Adalci ne mu fara da ba masu wannan al'ada haƙƙinsu, domin da yawansu suna da uzuri karɓaɓɓe. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye da damina, inda manyan motoci suka haƙa kwari biyu suka bar tudu a tsakiya, ya ji yadda cikin mota ke gogar ƙasa kamar ana kankare masa hanji, ba zai zargi mutumin da ke neman ɗaga motarsa ko da ɗan yatsa biyu ne ba. Tun zamanin da akori-kurar Peugeot ke fitowa daga masana'antar Kaduna wadda aka buɗe a 1975, har zuwa yau da Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ta mamaye hanyoyinmu daga Kano zuwa Damagaram, buƙatar direban karkara ɗaya ce, a kai kaya a dawo lafiya. Sai dai kuma akwai kashi na biyu, waɗanda hotunan motocin Amurka suka ɗauke musu hankali, inda ake sa wa akori-kura taya mai tsayin inci 33 ko 35 don ado da wasan hawan duwatsu; abin da hoto ba ya nunawa shi ne, masu lura daga cikin mutanen can sukan buɗe aksul su sauya haƙoran da ke ciki bayan sun sa tayar, mu kuwa mun ɗauko rabin karatun mun bar rabi.

Karanta rubutun da ke jikin taya

A gefen kowace taya akwai lambobi waɗanda galibin direbobi suka haddace kamar yadda ake haddace lambar waya, ba tare da sun nemi ma'anarsu ba. Mu ɗauki 265/65R17, wadda ake gani a ƙafar Hilux da yawa na wannan zamani. Lamba ta farko, 265, faɗin taya ne da milimita. Ta biyu, 65, tana nufin tsayin gefen taya daga bakin wili zuwa inda take taka ƙasa kashi 65 ne cikin 100 na wancan faɗi, wato milimita 172. Ta ƙarshe, 17, faɗin wilin ne da inci, wanda ya yi daidai da milimita 432. In aka haɗa wili da gefen sama da gefen ƙasa, tsayin tayar gaba ɗaya zai kama milimita 776. To, in mutum ya cire ta ya sa 285/70R17, wadda 'yan kasuwa kan lissafa cikin tayoyi masu inci 33, da irin wannan hisabi za a sami milimita 831; bambancin da ke tsakaninsu ke nan milimita 55, ko kuwa kashi 7 cikin 100.

A nan ne gururi na farko yake. Mai mota yana zaton ya ɗaga motarsa da wannan milimita 55 ɗin dukansa, alhali kuwa rabinsa ya tafi sama cikin madigadi, rabin da ke ƙarƙashin aksul ne kaɗai ya amfane shi. Abin da ya samu bai wuce milimita 27 ba, wato bai cika santimita 3 ba, kwatankwacin kaurin yatsu biyu. Wannan ita ce ribar, kuma ya kamata a riƙe ta a zuci yayin da za mu lissafa abin da aka biya.

Malaman hisabi tun na dauri sun tabbatar cewa kewayen da'ira yakan ninka faɗin tsakiyarta kusan sau uku da subu'i. Bisa wannan ƙa'ida, tayar farko in ta juya sau ɗaya ta ci ƙasa mita 2.44, ta biyu kuwa mita 2.61, saboda haka a tafiyar kilomita guda ta farko za ta juya sau 410, ta biyu sau 383. Duk abin da zai biyo baya na fa'ida da illa daga wannan ɗan bambanci ya tsiro.

Hanyar da ƙarfi ke bi

Injin mota yana juyawa da sauri ƙwarai, amma ƙarfin murɗawarsa shi kaɗai ba zai iya motsa tan biyu na ƙarfe daga tsaye ba, balle a ƙara masa lodi. Don haka maƙera suka shirya masa matakai biyu waɗanda ke karɓar sauri su mayar da shi ƙarfi. Mataki na farko shi ne giyar da direba ke sauyawa da hannunsa. Na biyu kuwa ɓoyayye ne, yana cikin tukunyar ƙarfen nan da ke tsakiyar aksul na baya, inda doguwar sandar da makanikai ke kira farfela take shiga. A cikinta akwai ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke juya wani babban faifai mai haƙora. In ƙaramin yana da haƙora 10, babban yana da 41, to sai farfela ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya, kuma ƙarfin murɗawa ya ninku daidai wannan adadi. Wannan lamba ba ta sauyawa ko mota tana giya ta ɗaya ko ta biyar, kuma kamfani bai zaɓe ta da ka ba, sai da ya auna nauyin mota, da ƙarfin inji, da tsayin tayar da ya yi niyyar sa mata.

Sai dai ƙarfi ba a aksul yake ƙarewa ba, dole ya bi ta taya ya isa ƙasa, kuma gwargwadon nisan da ke tsakanin tsakiyar wili da ƙasa, gwargwadon raunin turin da zai isa can. Mai karatu ya gwada da kansa: ya ɗauki bokitin ruwa kusa da jikinsa, sa'an nan ya miƙe hannu ya riƙe shi can nesa, ruwan bai ƙaru ba, hannun ma shi ne dai, amma kafaɗa za ta ba da shaida. Haka aksul yake ji in an tsawaita masa taya. Motar da haƙoranta suke 4.10, in an ƙara wa tayarta kashi 7 cikin 100, za ta yi aiki tamkar mai 3.83, in kuwa aka kai ta ga taya mai inci 35, ƙarin ya haura kashi 14, sai ta koma tamkar mai 3.58. Ashe ke nan wanda ya ce bai taɓa giya ba ya riga ya taɓa ta, ya kuma taɓa dukkan giyoyin a lokaci guda, har da ta baya, domin taya ita ce giya ta ƙarshe.

Na ga wannan mas'ala da idona a wurin wani kawuna, mai sayen masara a kasuwannin ƙauye yana kaiwa kasuwar Dawanau. Ya sami wasu manyan tayoyi 'yan Kwatano da araha, ya sa wa motarsa, ta tsaya a ƙofar gida ƙerere kamar ingarman sallah, har maƙwabta suna zuwa yi masa barka. Bayan 'yan makonni na bi shi wata kasuwa, muka ɗauko buhu goma, muka zo wani busasshen rafi da ya saba hayewa ba tare da ya katse hirarsa ba. Da muka gangara muka fuskanci tudun fita, ya sa giya ta ɗaya ya taka totur, sai motar ta yi nishi ta nemi mutuwa. Ya danne kuloci rabi ya ƙara wuta, inji yana kururuwa, mota tana rarrafe, yaron mota yana biye da dutse a hannu yana jiran ya cusa a bayan taya, har dai muka fita da ƙyar, wani ƙauri mai ɗaci kamar na ƙonanniyar fata ya cika mana hanci.

Washegari ya kai ta gareji, yana cewa inji ya gaji. Bakaniken, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya saurari injin ya ce lafiyarsa lau. Sai ya sa aka ɗaga bayan motar har tayoyin biyu suka bar ƙasa, ya ɗauki alli ya yi zane ɗaya a jikin taya, ɗaya a jikin farfela, ya umurci yara biyu su juya tayoyin tare a hankali, shi kuwa yana kwance a ƙasa yana ƙirga. Da zanen taya ya dawo inda ya tashi, farfela ta yi juyi huɗu da ɗan ɗoriya. Daga nan ya ɗauko igiya ya kewaya tsohuwar tayar da ke rataye a matsayin safaya, ya ƙulla alama, ya kewaya sabuwar da ita, sai igiyar ta gaza da kusan taƙi guda. Ya ɗaga wannan gibi ya nuna wa kawu, ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ka ƙara wa dokinka tsawon ƙafa, amma ƙirjinsa na jiya ne. Kowane juyi sai ya biya wannan taƙin, kuma daga aljihun kuloci yake biya." Kawu ya yi shiru, sa'an nan ya tambayi kuɗin sabon kuloci, da ya ji, ya ce lalle araha ba ta ado.

Waɗanda ke biyan bashin

Na farko shi ne kuloci, kamar yadda muka gani, domin tashi daga tsaye da lodi ya zama kamar tashi da giyar da ta fi ta ɗaya nauyi, direba kuwa ba shi da dabara sai ya riƙa goga shi. A motar da ke sauya giya da kanta, illar takan ɓuya ta daɗe kafin ta bayyana: za a ji tana hawa giya tana sauka a kan ɗan tudun da a da ba ta kula da shi ba, man giyar yana ɗaukar zafi, zafi kuwa shi ne babban makashin irin wannan giya, musamman a ƙasa irin tamu inda bazara kan kai ma'aunin zafi sama da 40.

Na biyu shi ne maleji, wanda ba ya ganin hanya, juyi kawai yake ƙirgawa bisa zaton cewa tayar asali ce ke ƙasa. Saboda haka in allura ta nuna 100, mota tana gudun 107 ne a haƙiƙa. In ta nuna 120, ana kan 128. Haka kuma lissafin nisa: mai jiran kilomita 5,000 ya yi juyen baƙin mai, sa'ad da lambar ta cika ya riga ya yi 5,350. Direba ya zama yana tafiya da mashaidin da ke rage gaskiya a kowane lokaci, kuma ragin yana ƙaruwa daidai lokacin da hatsari ya fi kusa.

Na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci domin rai ne a cikinsa, shi ne birki. Wancan dogon hannu da ya raunana inji wajen turawa, shi ne kuma yake raunana birki wajen riƙewa. Faifan birki bai ƙara girma ba, amma an ba shi taya mai tsawo, mai nauyi, wadda ke gudu fiye da yadda direba yake zato. In waɗannan uku suka haɗu a kan titin da akuya ko yaro kan faɗo ba sallama, 'yan mitocin da aka ƙara kafin mota ta tsaya su ne tsakanin istigfari da ta'aziyya.

Bayan waɗannan akwai ƙananan masu biyan bashin. Nauyin babbar taya yana cin boris da shokozoba da sandunan sitiyari. Faɗinta kan sa ta goga madigadi in an karya sitiyari har ƙarshe ko an faɗa rami da lodi, har a kai ga yanke ƙarfe ko ɗaga jikin mota, wanda shi kuma yana mayar da nauyi sama ya sauƙaƙa kifewa a kwana. Game da mai kuwa, akwai masu kafa hujja da cewa babbar taya tana rage juyin inji, kuma gaskiyarsu ta wannan fuska: a giyar da inji da farfela ke juyawa daidai wa daida, wato ta huɗu a galibin motoci masu giya biyar, gudun kilomita 100 na haƙiƙa da haƙora 4.10 yana bukatar juyi kusan 2,800 a minti da tayar asali, da babbar kuwa kusan 2,620. Amma wannan rangwame sai a shimfiɗaɗɗen titi da mota wayam. Da zarar an shiga gari, ko an yi lodi, ko an fuskanci tudu, nauyin tayar da faɗinta da zurfin taka totur sukan cinye shi har su nemi ƙari. Injin gas, da yake ƙarfinsa na fitowa tun juyi yana ƙasa, ya fi injin fetur haƙuri da wannan hali, amma haƙuri ba ya nufin ba a cutu ba.

Akwai darasi a wurin direbobin hamada masu bin rairayi daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, waɗanda ba wanda zai koya musu darajar taya. In rairayi ya yi laushi, abin da suke yi shi ne su sassauta iskar taya har tafinta ya baje ya yi tsawo a kan yashi, in sun fito kan tsandauri su mayar da iskar. Land Cruiser ɗin da aka san su da ita, jerin 70 da aka fara a 1984, takan zo da doguwar taya siririya mai lamba 7.50R16, wadda kamfani ya auna haƙoran aksul da ita tun farko, ya kuma haɗa mata ƙaramar giyar ƙarfi. Tsayin tayarsu da ƙarfin aksul ɗinsu tare aka haife su.

Hukunci

In an yarda mu ari lafazin malaman fiƙihu a abin da ba na ibada ba, sai mu kasa mas'alar kashi uku. Ƙarin da bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, ko ya ɗara da kaɗan, kamar a tashi daga 265/65R17 zuwa 265/70R17, mubahi ne. Masu sana'ar taya sun daɗe suna ɗaukar wannan a matsayin iyakar da mota ke jurewa ba tare da an taɓa kome ba. Daga nan zuwa kashi 7 ko 8 makaruhi ne, ana iya zama da shi bisa sharuɗɗa: motar ta kasance mai ƙarfin inji, a rage mata lodi, a kula da birki fiye da da, direba kuma ya san adadin da malejinsa ke ɓoyewa, abin da zai iya tantancewa da manhajar auna gudu ta wayar hannu a kan miƙaƙƙen titi. Amma in ƙarin ya kai ushiri ko ya haura, ko kuwa motar ta neman abinci ce mai kwana da tashi da lodi, to sauya haƙoran aksul ya zama wajibi a ganina.

Lissafinsa ba shi da wuya: a ninka lambar haƙoran asali da tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwa. A misalinmu, 4.10 za ta bukaci 4.39, da yake ba a ƙera wannan lamba daidai, sai a zaɓi makusanciyarta daga waɗanda ake samu, 4.30 ga mai yawan tafiyar titi, 4.56 ga mai lodi da hawan tudu. Mai taya inci 35 kuwa lissafinsa zai faɗa wajen 4.70, tsakanin 4.56 da 4.88. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, dole a sauya na gaba da na baya su zama lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da aka haɗa su ƙafafun gaba da na baya za su yi ta jayayya har wani ƙarfe ya karye. Safaya ma dole ta zama tsayi ɗaya da sauran. Aikin kuma ba na kowane mai sifana ba ne, domin zaman haƙori a kan haƙori ana auna shi da abin da bai kai kaurin farce ba. In an kuskure, aksul zai riƙa kuka a hanya, ba da jimawa ba kuma ya ci kansa. Bayan an gama, a tafi da ita a hankali ba lodi mai nauyi, a juye man aksul bayan kilomita kamar 800.

Wanda ya ga kuɗin wannan aiki ya fi ƙarfinsa, to amsar tana hannunsa: tayar ma ta fi ƙarfinsa, domin farashinta na gaskiya shi ne kuɗinta haɗe da kuɗin haƙoran. Ya fi masa alheri ya nemi taya mai ƙwari da zanen da ya dace da hanyarsa a girman asali, ya duba lambar nauyin da take iya ɗauka, ya kuma karanta lambobi huɗun nan na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, inda 2321 ke nufin mako na 23 na shekarar 2021, don kada a sayar masa da tsohuwa mai sabuwar fuska.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kafin ka miƙa kuɗinka ga mai taya, ɗauki biro da takarda, ko igiya irin ta dattijon nan, ka auna abin da za ka samu da abin da za ka bayar. Mota amana ce, waɗanda ke cikinta da waɗanda ke gefen hanya ma amana ne. In ka ƙara mata tsawon ƙafa, ka ƙara mata ƙarfin ɗaga ta. In ba za ka iya ba, bar ta da takalmin da aka auna mata.